Ƙidayar maki ko ƙidayar asara: da wanne za ka auna hannunka a wasan birij?

A wasan birij, wasan kati na mutum huɗu, biyu-biyu, an raba kati, ka kwashi goma sha ukunka ka jera su dangi-dangi: sifed ♠, hat ♥, dayamon ♦, kulob ♣. Kafin ka buɗe baki ka yi tayi, wato ka faɗi zagayen da kake ganin ku biyu za ku ci, akwai tambayar da dole ka amsa wa kanka: wannan hannun, in aka gama shi da na abokina da ban gani ba, zagaye nawa za mu ci daga cikin 13? Duk wani ma'auni da aka taɓa ƙirƙira a wasan birij wannan tambayar yake ƙoƙarin amsawa. Guda biyu ne suka fi yaɗuwa, kuma a kansu aka fi ja-in-ja tsakanin abokan wasa: ƙidayar makin manyan kati, da ƙidayar asara. Ga hannaye biyu, sai mu ga yadda kowanne yake karanta su.

Na farko: ♠ Q J 4 ♥ Q J 3 ♦ K J 5 2 ♣ Q J 6

Na biyu: ♠ A K 9 7 4 ♥ 6 ♦ A 10 8 5 3 ♣ 7 2

A ƙidayar maki, As yana da 4, Sarki 3, Sarauniya 2, Jak 1. Hannun farko ya tashi 13, na biyu 11. Sabon ɗan wasa zai ɗauki na farko da murmushi, ga hotuna ko'ina. Wanda ya daɗe a teburi kuwa ba zai yi minti ɗaya yana tunani ba, na biyun zai zaɓa. Na farkon taron tsintsiya ne ba shara: babu As ko ɗaya, babu dogon dangi, babu gajeren da za a yanke da turam (dangin da aka zaɓa ya rinjayi sauran), kuma abokan hamayya sai sun kwashe nasu a kowane dangi kafin Sarauniyoyin su yi amfani. Na biyun yana da zagaye uku da zai ci nan take, ga dangi biyu masu kati biyar-biyar. Ma'aunin da kowa ya fara koya ya ba da amsa a juye, kuma daga nan gardamar take tasowa.

Abin da maki ya iya

Kada misalin nan ya sa ka raina ƙidayar maki. Ta girmi wasan da kansa. Ƙa'idojin birij na kwantiragi da ake bi yau, inda ake ɗaukar alkawarin yawan zagayen da za a ci, Harold Vanderbilt ne ya tsara su a 1925, amma lissafin 4-3-2-1 ya riga su, tun zamanin tsohon salon wasan, inda Milton Work ya yaɗa shi har sunansa ya bi shi. A shekarun 1930 hanyar Ely Culbertson ce ta mamaye Amurka, wadda ke ƙirga zagayen da manyan kati za su ci da wuri: As da Sarki a dangi ɗaya 2, As da Sarauniya ɗaya da rabi, As shi kaɗai 1, Sarki da Sarauniya 1, Sarki mai rakiya rabi. A ƙarshen shekarun 1940 Charles Goren ya dawo da maki kan gaba, kuma bai yi nasara don lissafinsa ya fi daidai ba, sai don ya fi sauƙin koyarwa. Kowa ya iya haɗa huɗu da uku.

Kyan tsarin shi ne jimillarsa a rufe take. Kowane dangi yana da maki 10, dangi huɗu 40, don haka matsakaicin hannu 10 ne. In kai da abokinka kuna da 25 ko 26, gem yana hannu: zagaye 9 a ba-turam, ko 10 in turam sifed ne ko hat. Ƙaramin silam, wato zagaye 12, yana son 33, babban silam, wato duka 13, yana son 37. Waɗannan lambobi biyu ba daga sama suka faɗo ba. In kuna da 33, abokan hamayya suna da 7, ba zai yiwu su riƙe As biyu ba, tunda As biyu 8 ne. In kuna da 37, nasu 3 ne, ko As ɗaya ba su da shi. (Da 33 ɗin ma ana iya faɗuwa, domin 7 ɗin nan zai iya zama As da Sarki na dangi ɗaya. Yana faruwa, kuma yana da ciwo.)

Wannan rufaffiyar jimilla tana yi maka aiki har bayan an gama tayi. In wanda ke hagunka ya yi fas tun farko, wato bai yi tayi ba, sannan a cikin wasa ya nuna As da Sarki da Sarauniya, ka san da wuya Sarkin da kake nema ya kasance wurinsa, domin da yana da 12 da ya buɗe. Ƙidayar asara ba ta ba ka wannan ko kaɗan. Asarar da ke hannunka ba ta gaya maka komai game da abin da ke hannun maƙwabcinka.

Inda maki ya fi ƙarfi shi ne daidaitaccen hannu, mai siffar 4-3-3-3, 4-4-3-2 ko 5-3-3-2. Waɗannan siffofi uku kusan kashi 48 cikin ɗari ne na duk hannayen da ake rabawa, wato kusan rabi. In daidaitacce ya haɗu da daidaitacce a kwantiragin ba-turam, ba wanda zai yanke maka, ba wanda za ka yanke wa, manyan kati ne kawai ke magana, kuma a nan Sarauniya da Jak suna biyan kuɗinsu. Shi ya sa tayin buɗewa na 1NT, wato mataki na ɗaya (zagaye 7) a ba-turam, ake bayyana shi da maki tsantsa: 15 zuwa 17 a tsarin da aka fi bi a Amurka, 12 zuwa 14 a tsarin Acol na Ingila. Mai amsawa ya haɗa nasa da na abokinsa, ya ga ko sun kai 25, shi ke nan.

Inda yake tuntuɓe

Matsalar tana farawa da zarar turam ya shigo. A kwantiragin da ke da turam, zagaye na uku na dangi sau da yawa wani ne zai yanke shi, don haka Sarauniya da Jak da ke jiran zagaye na uku ko na huɗu sukan mutu a hannu. As kuwa yana ci a zagayen farko, kuma yana ba ka ikon zaɓen abin da za a buga gaba. Lissafin 4-3-2-1 ya ce Sarauniya biyu daidai suke da As ɗaya. Ba ɗan wasan kirki da zai yarda da wannan musaya. Tun shekarun 1930 wata ƙungiya ta su Oswald Jacoby da Howard Schenken ta yi amfani da 3-2-1 da rabi, wanda ya ɗaga darajar As. 'Yan baya sun mayar da wannan rabon zuwa ma'aunin da jimillarsa ta zauna a 10: As 4.5, Sarki 3, Sarauniya 1.5, Jak 0.75, goma 0.25. Gwada shi a hannayenmu biyu: na farko ya sauko 10.5, na biyu ya hau sama da 12. Gaskiya ta fara fitowa tun kafin a duba siffa.

Siffa ita ce babban gibin. Goren ya san da shi, shi ya sa da taimakon William Anderson, wani masanin lissafin inshora ɗan Kanada, ya ƙara makin gajarta: dangin da ba ka da ko ɗaya a cikinsa 3, kati tilo 2, kati biyu 1. In kana goya wa dangin abokinka baya da turam huɗu, sai a ɗaga su zuwa 5, 3 da 1. Wasu malamai sun fi son makin tsawo wajen buɗewa, maki ɗaya ga kowane katin da ya wuce na huɗu a dangi, su bar makin gajarta sai an samu dacewa, wato dangin da ku biyu kuka haɗa aƙalla kati 8 a cikinsa. Ni da su nake, domin kati tilo a dangin da abokinka zai kira ba alheri ba ne, matsala ce. Sannan aka zo da gyare-gyare: cire ɗaya in babu As, ƙara ɗaya in As huɗu ne, rage darajar Sarki tilo ko Sarauniya da ƙaramin kati ɗaya. Duk daidai ne. Sai dai lissafin da aka so shi don sauƙinsa ya koma riga mai faci bisa faci.

Ƙidayar asara

Ita wannan ta ɗauko zancen ta ɗaya gefen. Ba ta tambayar me kake da shi, sai dai me za ka rasa. F. Dudley Courtenay ya bayyana ta a 1934, Maurice Harrison-Gray ya yi mata hidima a Ingila, Ron Klinger na Ostareliya ya sabunta ta a shekarun 1980. A kowane dangi kati uku na sama kawai ake dubawa, kuma duk wanda ba As, Sarki ko Sarauniya ba, asara ne. Dangin da yake wayam ba shi da asara. Kati tilo asara ɗaya ne sai in As ne. A kati biyu As da Sarki kaɗai ake ƙirgawa, Sarauniya da ƙaramin kati asara biyu ce. Kati na huɗu da na biyar da abin da ya biyo baya ba a ƙirga su asara, domin ana ɗauka cewa in dangi ya zaga sau uku, ragowar sun zama masu ci, ko kuma za a yanke su a hannun abokin wasa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji masu magana, kuma wannan ma'aunin da gaske ya ɗauki zancen.

Mafi yawan asarar da hannu ɗaya zai iya ɗauka 12 ce, na mutum biyu 24. Sai ka haɗa taka da ta abokinka ka cire daga 24, abin da ya rage shi ne zagayen da ake sa ran ci. Asarar abokinka kuwa daga tayinsa kake gane ta: ƙaramin hannun buɗewa yakan zo da 7, ɗagawa zuwa mataki na biyu da 9, gayyata zuwa gem da 8, mai tilasta gem da 7 ko ƙasa. Bakwai da bakwai 14, a cire daga 24 saura 10, wato gem a sifed ko hat.

Hannunmu na farko yana da asara 2 a kowane dangi, 8 ke nan, bai kai na buɗewa ba. Na biyu: 1 a sifed, 1 a hat, 2 a dayamon, 2 a kulob, duka 6, ya fi ƙaramin buɗewa da cikakken zagaye guda. Ba faci, ba ragi, ba ƙari, ta jera su yadda gogaggen ɗan wasa zai jera su.

Yanzu a ce ka buɗe 1♠ da hannu na biyun, abokinka kuma yana riƙe da:

♠ Q 8 5 2 ♥ 9 7 4 3 ♦ K 6 ♣ A 8 3

Makinsa 9. Mai bin maki zalla zai ce 2♠, kai kuma da 11 ɗinka ka yi fas, domin 20 ina, 25 ina. Ko an sa makin gajarta, 14 da 10 ne, 24, ana tsaye a bakin ƙofa ana waige-waige. Mai ƙirga asara zai ga 8, ya ce 3♠, kai da 6 ɗinka ka ce 4♠ ba tare da gumi ba. A wasan kuma hat ɗaya za ku rasa da kulob ɗaya. Dayamon As da Sarki suna nan, sauran a yanke su a hannun abokinka da aka shimfiɗa a teburi. Zagaye 10 kusan a aljihu suke, 11 ma ba abin mamaki ba ne. Bambancin 420 da 170 ke nan a takardar sakamako, da maki 20 kacal a tsakaninku. Irin wannan rabon shi ke sa mutum ya tashi daga teburi yana cewa ya bar ƙidayar maki har abada.

To, a dakata. Ga wani hannun abokin, shi ma maki 9, siffa iri ɗaya:

♠ Q 8 5 2 ♥ K Q 4 3 ♦ 9 6 ♣ Q 8 3

Ƙidayar asara a yadda aka fara koyar da ita ta ce 7: biyu a sifed, ɗaya a hat, biyu a dayamon, biyu a kulob. Wai ya fi na baya. Shida da bakwai 13, ta yi alkawarin zagaye 11. A teburi kuwa, in aka fara da kulob, za su kwashi As da Sarki, su karɓi As na hat, kuma akwai dayamon ɗaya da ba yadda za ka yi da shi. Zagaye 9, gem ya faɗi. Maki ya ce hannayen biyu ɗaya ne, asara ta ce na biyun ya fi, alhali na farkon ya fi da zagaye guda ko biyu. Dalilin a fili yake: Sarki da Sarauniyar hat suna fuskantar kati tilo, aikin banza suke yi, Sarauniyar kulob tana fuskantar ƙananan kati biyu, ita ma haka. A hannun farko kuwa Sarkin dayamon ya faɗo daidai cikin dogon danginka, hat ɗinsa marasa amfani sun zauna gaban tilonka inda ba su cutar da kowa.

Masu son ƙidayar asara sun san wannan rauni na ɗaukar As da Sarauniya a matsayin abu ɗaya. A 8 3 da Q 8 3 duk asara biyu ne a wurinta, wanda kowa ya san ba haka ba ne. Gyaran da aka saba shi ne a ɗauki Sarauniyar da ba ta da babban kati a gefenta a matsayin asara biyu da rabi, a kuma duba ko Sarauniyoyi sun fi As yawa a hannun. Akwai sabon salo da ke ba rashin As ɗaya da rabi, rashin Sarki 1, rashin Sarauniya rabi, sannan a cire daga 25. Da shi hannun abokin na farko ya zama 8.5, na biyu 9, an dai gyara jerin. Amma ka lura, ita ma ta fara ɗaukar faci.

Babban sharaɗinta kuwa shi ne wanda aka fi mantawa: ba ta aiki sai an samu dacewa, wato aƙalla kati 8 na turam tsakanin ku biyu, in son samu ne 9. Duba waɗannan:

Kai: ♠ K Q 9 7 5 3 ♥ 4 ♦ A Q 8 6 2 ♣ 5

Abokinka: ♠ 2 ♥ A Q 8 7 5 3 ♦ 4 ♣ K Q 9 6 2

Kowannenku asara 4. A cire 8 daga 24, saura 16, a wasan da zagayensa duka 13 ne. Babu dangin da kuka kai 8 a cikinsa, dogon kowa yana kallon tilon ɗan'uwansa, kuma in kun tsira da zagaye 8 ku gode wa Allah. Maki ya ce 22, ku tsaya ƙasa, kuma shi ne mai gaskiya. Na sha ganin mutum biyu da irin wannan rabon, kowa na maimaita danginsa yana ƙara hawa, har abokan hamayya suka ninka tarar faɗuwarsu suka kwashe gara.

A ba-turam ma ba ta da abin faɗa. Ɗauki ♠ A J 4 ♥ K J 3 ♦ A 9 5 2 ♣ K 10 6. Maki 16, lafiyayyen 1NT, in abokinka yana da 9 ko 10 kun tafi gem. Asara kuwa 8, wai bai ma kai na buɗewa ba.

Sauran ma'aunai

Akwai ƙananan dabaru da suke cike gurbi tsakanin manyan biyun. Ƙa'idar 20, wadda Marty Bergen ya yaɗa, ta buɗewa ce kawai: haɗa makinka da tsawon dangoginka biyu mafi tsawo, in sun kai 20 ka buɗe. Hannunmu na biyu 21 ne, na farko 20 cif, wanda ya nuna ita ma ba ta ganin bambancin As da Jak. Shi ya sa da yawa suke ƙara sharaɗin a samu zagaye biyu na ci-da-wuri irin na Culbertson, kuma hannun farko rabi kawai yake da shi. A kujera ta huɗu, bayan mutum uku sun yi fas, ana haɗa maki da yawan sifed, in ba su kai 15 ba a bar rabon ya wuce, domin mai sifed shi ke cin gasar tayi a ƙananan matakai. Makin Zar, na Zar Petkov, yana haɗa maki, da ƙarin 2 ga As da 1 ga Sarki, da tsawon dangi biyu, da tazarar mafi tsawo da mafi gajarta, a buɗe da 26. Ya ba hannun farko 22, na biyu 30. Yana da kyau, amma in abokinka ba ya amfani da shi, kai kaɗai kake jin yarenka.

In kuma ɓangarorin biyu suna ta tayi, tambayar ta sauya. Ba ƙarfi ake aunawa ba, yawan turam ne. Bafaranshe Jean-René Vernes ya lura cewa jimillar zagayen da ɓangarorin biyu za su ci, kowa a danginsa, takan yi kusa da jimillar turam ɗinsu, Larry Cohen kuma ya yaɗa wannan a 1992. Abin da ɗan wasa ke ɗauka daga ciki gajere ne: da turam 8 ka yi takara har mataki na biyu, da 9 har na uku, da 10 har na huɗu. A wannan fagen maki da asara duk 'yan kallo ne.

To, wanne?

In an tilasta mini in riƙe ɗaya tak, maki zan riƙe, kuma ba don ya fi daidai ba. Shi ne yaren da kowa yake ji. Da shi ake rubuta takardar yarjejeniya, da shi za ka amsa wa abokin hamayya in ya tambayi ma'anar tayin abokinka, wanda haƙƙinsa ne a dokar wasa, da shi za ka zauna da baƙon abokin wasa a intanet ku fahimci juna ba tare da dogon bayani ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ma'aunin da ya fi kowane kyau ba shi da amfani in ɗayanku ne kawai ya san abin da lambar take nufi. Akwai ma wani dalili na tsaro. Buɗewa alkawari ne na abu biyu, ƙarfin kai hari da ƙarfin kare kai. Wanda ya buɗe da maki 8 don kawai asararsa 7 ce, ranar da abokinsa ya ninka kwantiragin abokan hamayya yana dogaro da shi, ranar za a ji su.

Amma ba wanda ya tilasta maka ɗaya. Ba kishiyoyi ba ne, lokacin aikinsu ne ya bambanta. Kafin a samu dacewa, da duk lokacin da aka nufi ba-turam, maki ne, tare da ɗan ƙari don dogon dangi mai kyau da goma-goma, da ɗan ragi don 4-3-3-3 da tarin Sarauniya da Jak. Da zarar an gano kati 8 ko 9 a sifed ko hat, musamman in ɗayanku yana da tilo ko dangi wayam, sai ka sake ƙirgawa da asara. In sun yi baki ɗaya, ka bi su. In sun saɓa, wannan saɓanin da kansa labari ne: hannun yana bakin iyaka, kuma abin da zai raba gardama shi ne inda manyan katinka suka zauna. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. As a ko'ina yake alheri ne. Sarauniya a dangin abokinka ko a turam zinariya ce, a dangin da abokin hamayya ya kira kuwa kusan takarda ce. Sarkinka in yana bayan wanda ya kira dangin ya ƙara daraja, in yana gabansa ya ragu.

Wurin zaman katin nan shi ne abin da ba lambar da za ta faɗa maka, sai tayi. Da hannunmu na biyu, bayan 1♠ da 2♠, in kun yi yarjejeniya cewa sabon dangi a nan yana nuna gajarta, sai ka ce 3♥: ina da tilo a hat, duba hannunka. Mai 9 7 4 3 zai yi tsalle zuwa 4♠, mai K Q 4 3 zai koma 3♠, kowa ya sauka inda ya dace. Haka a neman silam: asara tana iya ce maka 12, amma ba za ta gaya maka ko As biyu suna waje ba, don haka kafin ka hau sai ka tambaya da 4NT na Blackwood, tayin da ke tambayar yawan As, ko ku nuna wa juna inda kuka riƙe.

Salon gasar ma yana da ta cewa. A wasan ƙungiya-ƙungiya, inda girman bambanci ke da muhimmanci, in kuna zangon da lada da tara suka fi yawa, gem na sifed 620 ne, tsayawa ƙasa da cin 10 kuma 170. In ka hau ka ci, ribar maki 10 ce a ma'aunin IMP, wanda ake gwada sakamakon ƙungiyoyi da shi, in ka faɗi da ɗaya asarar 6 ce. Ke nan gem ɗin da zai yi nasara sau 4 cikin 10 ma ya cancanci a kira shi, kuma a nan zafin ƙidayar asara yana biya. A gasar bibbiyu, inda ake gwada sakamakonka da na kowane teburi, gem yana bukatar ya kai rabi da rabi, don haka in ma'aunan biyu suka saɓa na fi karkata ga mai sanyin.

Ga wanda bai daɗe da farawa ba, shawarata ya zauna da maki da makin tsawo har sai haɗa 25 da 33 ya zama ba ya bukatar tunani, ya kuma saba ƙirga makin abokan hamayya yayin wasa. Bayan nan shi da abokinsa su ɗauki ƙidayar asara tare, rana ɗaya, su amince a kan lambobin 9, 8 da 7 na ɗagawa, su kuma amince cewa ba a taɓa ta sai an ga dacewa. Wanda ya riga ya saba da asara kuma yana yawan faɗuwa da ɗaya, ya duba Sarauniyoyinsa, galibi a nan ɓarakar take.

Shi kuwa hannun farkon nan mai maki 13, in ni ne a kujerar farko muna buga 15 zuwa 17, zan buɗe 1♦ saboda kusan duk ɗakin haka za su yi, ba na son in zama ni kaɗai a waje. Amma daga nan na ɗauke shi 11 ne. In abokina ya gayyace ni gem da 2NT, fas zan yi. In ya ninka kwantiragin abokan hamayya a mataki na biyu, zan zauna ina fatan As ɗin da ba ni da su suna wurinsa.